Ƙwallon Darma ko Dogon Harsashi: Wanne Ya Dace da Bindigar Ɗuri?

Duk wanda ya mallaki bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin mai tsagi a cikin bututu, ba ya daɗewa sai an ja shi cikin gardamar nan. Wasu sun rantse babu kamar mulmulallen ƙwallon darma da ake naɗewa a ƙyalle. Wasu kuma sun ce ƙwallo kayan tarihi ne, dogon harsashi mai tsini shi ne harsashi. Ni dai a ganina yawancin masu musun sun faro zancen ta inda bai dace ba. Kafin a tambayi maharbi abin da yake so, bututun ya kamata a fara tambaya, domin maƙerin da ya yanka tsagin cikinsa ya riga ya yanke rabin hukunci tun bindigar ba ta zo hannun mai ita ba.

Ɗauki 'yar tocila ka haska cikin bututun. Za ka ga tudu da kwari sun bi tsawonsa suna murɗawa a hankali. Murɗin nan ne ke sa harsashi ya fita yana wulwulawa kamar katantanwa, ya miƙe sosai maimakon ya yi ta tangaɗi. Da lamba biyu ake rubuta shi. In aka ce 1:66, ana nufin harsashi zai yi juyi ɗaya cikakke a tafiyar inci 66. In aka ce 1:28, juyi ɗaya ke nan a inci 28, wato ya ninka na farko sauri har da ɗoriya. Ƙwallo ba shi da kai ba shi da gindi, ko ta ina ya juya siffarsa ɗaya ce, don haka juyi kaɗan ya ishe shi. Dogon harsashi kuwa iska tana dukan hancinsa tana neman kifar da shi, kuma iya tsawonsa iya juyin da yake bukata kafin ya daidaita. Tsawo ne abin dubawa a nan, ba nauyi ba, duk da cewa su biyun kan tafi tare.

Wani malamin lissafi ɗan Ingila, Alfred George Greenhill, ya fitar da wata ƙa'ida a 1879 wadda har yau ake ƙiyasi da ita. A ninka faɗin harsashi da kansa, a ninka abin da ya fito da 150, sannan a raba da tsawon harsashin, duk a ma'aunin inci. Mu gwada da bindiga mai faɗin baki .50, wato rabin inci. Ƙwallon da ake sa mata faɗinsa .490 ne, tsawonsa ma haka, lissafi sai ya ba da wajen inci 73. Dogon harsashi mai tsawon inci ɗaya a bindigar nan kuwa, lissafinsa wajen inci 37 ne. Ka ga ke nan dalilin da ya sa bututun ƙwallo yake zuwa da murɗin 1:60 ko 1:66 ko 1:70, na dogon harsashi kuma 1:32 ko 1:28 ko 1:24. Kamfanin Lyman ma ya fito da bindiga iri ɗaya a fuska biyu saboda wannan: Great Plains Rifle mai 1:60 don ƙwallo, da Great Plains Hunter mai 1:32 don dogon harsashi.

Wanda ya sayi bindigarsa a hannun wani, ba takarda ba bayani, zai iya auna murɗin da kansa. Da farko ka tabbatar babu ɗuri a ciki. Sa ƙyalle mai ɗan mai a kan sandar goge bututu, ya kama sosai, ka tura har ƙasa. Yi alama a jikin sandar daidai bakin bututu, ka yi wata a can sama da za ta nuna maka juyi. Sai ka riƙa jawowa a hankali kana barin sandar ta juya da kanta a hannunka. Da zarar alamar sama ta yi rubu'in juyi, tsaya ka auna tsawon da ya fito, ka ninka sau huɗu. In inci 12 ne, bindigarka 1:48 ce.

To, 1:48 ɗin nan shi ne inda gardama ta fi zafi, don shi ne tsaka-tsaki. 'Yan'uwan nan biyu maƙeran birnin St. Louis a Amurka, Jacob da Samuel Hawken, da shi suka ƙera yawancin bindigoginsu a ƙarni na 19, kuma ƙwallo aka riƙa harbawa da su. A 1970 kamfanin Thompson/Center ya fito da tasa bindigar mai suna Hawken, ita ma 1:48, ya kuma yi mata dogon harsashin da ya kira Maxi-Ball. Bututu mai 1:48 yana ɗaukar duka biyun, amma kowanne da sharaɗi. Ƙwallo yana yin kyau a cikinsa in ba a cika albarushi ba. In aka zafafa ɗuri, musamman a bututu mai kwari marar zurfi, ƙyallen yakan kasa riƙe tsagin, harbi ya watse. Dogon harsashi kuma gajeru da matsakaita ne ke daidaita a cikinsa, masu tsawo sosai sukan fara karkacewa kafin su isa.

Zurfin kwarin ma abin lura ne, kuma mutane sukan manta da shi. Bututun da aka yi don ƙwallo kwarinsa yana da zurfi, kamar inci .010 zuwa .012 ko fiye, domin ƙyalle ya sami wurin shiga ya toshe hanyar iskar wuta. Wanda aka yi don dogon harsashi kwarinsa ba zurfi, kamar .004 zuwa .006, domin darma tsirara ce za ta kumbura ta cike shi. Sa dogon harsashi a kwari mai zurfi, wuta za ta iya bi ta gefensa ta narkar da shi, ta bar maka darma manne a bututu.

Akwai abin da zai iya rikita mai bin tarihi. Bindigar sojan Amurka ta Springfield ta 1861 murɗinta 1:72 ne, ta Ingila ta Enfield ta 1853 kuwa 1:78, dukansu sun fi yawancin bututun ƙwallo na yau sanyin murɗi, amma dogon harsashi suke harbawa, kuma yana tafiya daidai. Sirrin yana jikin harsashin. Wanda kyaftin ɗin sojan Faransa Claude-Étienne Minié ya fitar a 1849, bisa aikin da Henri-Gustave Delvigne ya fara, gindinsa rami ne. Nauyin yana gaba, baya kuma fanko, don haka ba ya bukatar juyi mai yawa kafin hancinsa ya tsaya a gaba. Ga shi kuma faɗinsa .58 ko .577, tsawonsa bai wuce ninki biyu na faɗin ba. Abin da Minié ya zo warwarewa ma ba ƙarfin kisa ba ne, saurin ɗuri ne. Sojan da ke riƙe da bindigar Baker ta Ingila, wadda aka fara amfani da ita a 1800, sai ya yi ta fama da ƙwallo da ƙyalle a bututun da ya yi dauɗa, alhali abokin gaba mai bututu sumul ya harba sau biyu ko uku. Harsashin Minié ya ɗan gaza bututu faɗi, yana zurmawa cikin sauƙi, sai wuta ta tashi ta buɗa siket ɗin gindinsa ya kama tsagi. James Burton na ma'aikatar makamai ta Harpers Ferry ya gyara shi ya cire ƙarfen da ake cusawa a ramin, Amurka ta karɓe shi a 1855. Nauyinsa wajen giren 500, albarushinsa giren 60 kacal. Wannan ƙarancin albarushin ba rowa ba ce: siket ɗin siriri ne, in aka cika ɗuri sai ya yage ko ya baje a bakin bututu, harsashi ya tafi inda ya ga dama. Mai son harba Minié yau ma dole ya yarda da wannan iyaka.

Tunda giren ya shigo zance: giren 7,000 ne laba ɗaya, giram ɗaya kuma giren 15 ne da ɗan kai. Ƙwallon .490 nauyinsa wajen giren 177, giram 11 da rabi ke nan. Maxi-Ball na .50 giren 370 ne, wajen giram 24. Dogon harsashin Great Plains na kamfanin Hornady giren 385. R.E.A.L. na kamfanin Lee yana zuwa a 250 da 320. Ramin da za su huda faɗinsa ɗaya, amma dogon yana ɗauke da ninki biyu na darma a bayan wannan faɗin, kuma kusan duk bambancin tafiyarsu daga nan ya taso.

Da albarushi giren 90 zuwa 100 a bututu mai ɗan tsawo, ƙwallon .490 yakan fita da gudun wajen mita 580 a daƙiƙa ɗaya. Dogon harsashi mai giren 370 da irin wannan ɗurin yakan fita da wajen 425. A bakin bututu ƙwallo ne sarkin gudu. Matsalarsa ita ce iska tana cin sa da sauri fiye da kowace siffar harsashi. Kafin ya kai yadi 100 ya sauko zuwa wajen mita 330, abin da ya rage na ƙarfin dukansa bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Dogon kuwa a wannan nisan yana wajen 340, yana riƙe da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, kuma ya ninka ƙwallon ƙarfi. Lambobin nan suna motsawa da tsawon bututu da irin albarushi, amma tsarin ba ya canzawa.

Sai dai akwai abin da masu yabon dogon harsashi ba su cika faɗa ba. Daga bakin bututu zuwa yadi 100, ƙwallo ne yake riga isa, saboda haka shi ya fi miƙewa, bai cika yin baka ba. Wanda ya daidaita saitinsa a yadi 75 zai iya ɗora shi a ƙirjin barewa daga nan kusa har zuwa yadi 100 ba tare da wani lissafi ba. Dogon harsashi mai nauyi tun farko a sanyaye ya fito, bakansa ya fi lanƙwasa, kuma kuskuren ƙiyasin nisa ya fi cutar da shi a wannan tazarar. Sai an wuce nan sosai ne yake karɓe gaba. Inda ƙwallo ke shan kashi tun da wuri shi ne iskar gefe. Iska mai gudun mil 10 a awa tana iya kautar da shi wajen inci 10 a yadi 100, dogon kuwa kusan rabin haka. A fili marar itatuwa, wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya sake tunani.

A jikin dabba fa? Ƙwallon darma zalla mai taushi yana bajewa da zarar ya shiga, ya yi faɗi kamar kwabo, ya yaga huhu da babban rami. A harbin gefe, bayan kafaɗa, cikin yadi 75, barewa ba ta yin nisa. Sau da yawa akan tsinci ƙwallon a ƙarƙashin fatar ɗaya ɓangaren, ya ƙare ƙarfinsa duka a ciki. Illar hakan ita ce rami ɗaya ne, jinin da zai zuba a ƙasa kaɗan, bin sawu a duhuwa ya yi wuya. In kuma ya gamu da ƙashin kafaɗar babbar dabba, ko dabbar ta ba da baya a karkace, zai iya tsayawa bai kai inda ake so ba. Dogon harsashi ba ya wannan. Yana fasa ƙashi, ya ratsa, ya fita ta can. Amma shi ma iri-iri ne. Mafarauta da yawa suna kukan Maxi-Ball yana wucewa ta jikin ƙaramar barewa bai buɗe ba, ya bar siririn rami. Masu rami a hanci, irin Great Plains, sun fi buɗewa. Ga barewa mai matsakaicin jiki, ƙarin ƙarfin dogon harsashi yawanci a bishiyar da ke bayanta yake ƙarewa.

Shi ya sa tsofaffin maharba, in suna son ƙarin kisa, ba tsawon harsashi suke ƙarawa ba, faɗin baki suke ƙarawa. Nauyin ƙwallo yana hawa da sauri in faɗi ya ƙaru kaɗan. Na bindigar .45 giren 128 ne, na .50 giren 177, na .54 wajen 225, na .58 kusan 280. James Forsyth, wani hafsan Birtaniya da ya yi farauta a Indiya, ya yi rubutu a 1863 yana kare wannan ra'ayin: babban ƙwallo, murɗi mai sanyi ƙwarai, albarushi mai yawa, don harsashi ya miƙe a tazarar da ake harbin dabba da gaske. A lokacin kowa ya karkata ga dogon harsashi, amma maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Dokar jihar Kolorado ta Amurka ma a kan wannan lissafin take: mai farautar elk, babban dangin barewa da namijinsa kan haura kilo 300, in da dogon harsashi ne .50 ya ishe shi, in da ƙwallo ne sai .54 ko fiye. A ɗaya gefen kuma, ga zomo da kurege, babu ma zancen zaɓi. Ƙwallon .310 mai giren 45 a bindigar .32, da ɗan albarushi, shi ne daidai. Dogon harsashi sai dai ya lalata nama.

Farauta dai kwana kaɗan ce a shekara. Sauran lokacin ana filin gwaji ne, kuma a nan ne ƙwallo yake biyan mai shi. Kilo ɗaya na darma yana ba da ƙwallon .490 kusan 87, amma dogon harsashi mai giren 370 wajen 41 kawai. Shurin bindiga a kafaɗa da dogon harsashi yakan kusa ninka na ƙwallo in albarushi ɗaya ne. Tsofaffin bindigogi masu lanƙwasasshen ƙarfe a gindi kuwa, harbi goma da harsashi mai nauyi ya isa ya bar maka shaida a dantse. Ba ciwon ne abin tsoro ba, ɗabi'ar da yake koyarwa ce: mutum ya fara runtse ido yana fizgar kunama tun wuta ba ta tashi ba. Wanda ya saba da wannan, ko wane harsashi aka ba shi ba zai samu ba. Mai ƙwallo yana iya wuni yana harbi, hannunsa yana faɗawa.

Ɗurin ƙwallo yana da ɗan aiki, amma aiki ne mai koyar da mutum. Ka auna albarushi a ma'auni, ka zuba, ka ɗan bubbuga gefen bututu ya zauna. Ka shimfiɗa ƙyalle mai mai a baki, ka ɗora ƙwallo cibiyar zubinsa, wato ɗan tabon da mazubi ya bari a jikinsa, tana kallon sama, ka danna shi da gajeriyar sanda, sannan ka bi shi da doguwar, kaɗan-kaɗan, kana riƙe ta kusa da bakin bututu don kada ta karye ta soke ka. Ƙyallen auduga ne ko lilin, kaurinsa .010 ko .015 ko .018, ba mai haɗin roba ba. In kana shakka, ƙona gefensa: auduga toka take zama, mai roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Bayan harbi ka taka kamar yadi goma gaba ka tsinci ƙyallen, don shi zai gaya maka gaskiyar abin da ya faru a ciki. In ka gan shi da baƙin zobe a tsakiya, gefensa ya ɗan tsefe, ba huda, komai daidai. In akwai ƙananan huda a jere inda tudun tsagi ya taɓa, ko ƙyallen ya yi siriri ko bututun sabo ne bakin tsaginsa da kaifi. In ya ƙone ya zama tsumma, wuta tana wucewa ta gefe, sai a ƙara kauri ko a ƙara mai. Ƙari a kan haka, ƙyallen yana share dauɗar harbin baya yayin da yake sauka, kuma darma ba ta taɓa ƙarfe sam.

Dogon harsashi ba ƙyalle, man yana cikin zobban jikinsa, yawanci kakin zuma da kitse. Ɗurinsa ya fi sauri a bututu mai tsabta, abin da ke da amfani in ana son harbi na biyu da gaggawa. Amma dole ya shiga a miƙe. Irin su R.E.A.L. da Maxi-Ball zoben gabansu ya ɗan fi bututu faɗi, tsagi yana yankarsa tun a baki, kuma in ya shiga a karkace haka zai fita. Bayan harbi biyu ko uku dauɗa takan sa ya ƙi sauka sai an goge. Man jikinsa yana narkewa a zafi, yana kwasar ƙasa a aljihu. Mutane da yawa suna samun harbinsu ya haɗu in sun sa ɗan faifan ulu tsakanin albarushi da gindin harsashi, don yana kare gindin daga wuta. Mai zuba nasa da kansa kuma zai ga dogo ya fi wuyar fita lafiya daga mazubi, yakan ɓoye kumfa a ciki, sai an ɗora kowanne a sikeli an ware masu sauƙi. Darma tana narkewa a digiri 327, hayaƙinta da ƙurarta guba ne, a yi aikin inda iska ke wucewa, kuma ko ɗigon ruwa kada ya kusanci tukunyar.

Akwai haɗari ɗaya da ya fi shafar dogon harsashi, kuma bai kamata a wuce shi da sauri ba. Ƙwallo ƙyalle yana riƙe shi gam. Dogon harsashi, musamman wanda ya zurma cikin sauƙi a bututu mai tsabta da mai, yana iya zamewa ya bar kan albarushi in an daɗe ana yawo da bindiga bakinta a ƙasa, ko tana girgiza a mota. Gibin iska tsakanin albarushi da harsashi yana iya kumbura bututu ko ya fasa shi. Maganin mai sauƙi ne: bayan ka yi cikakken ɗuri, yi alama a jikin sandarka daidai bakin bututu. A daji, lokaci-lokaci, cire hular wuta, wato 'yar hular da ke kunna albarushi, ko in bindigarka mai ƙanƙara ce ka zubar da albarushin kaskonta, ka zura sandar ka ga ko alamar tana inda take. Haka kuma harsashi mai nauyi yana ɗaga matsin wuta a cikin bututu, shi ya sa kamfanoni suke ba da jadawalin albarushi daban ga kowane iri, kuma iyakar da suka sa ita ce iyaka. Albarushin harsasan zamani marar hayaƙi ba ya shiga bindigar ɗuri ko ƙanƙani. Ba a kuma zuba albarushi kai tsaye daga gora zuwa bututu, don ragowar garwashi zai iya kama gorar duka a hannunka.

Kada a ɗauka dogon harsashi bai da fagen da ya fi kowa. Joseph Whitworth na Ingila ya ƙera bindiga mai faɗin .451, cikinta mai kusurwa shida, murɗinta 1:20, harsashinta giren 530, kuma a gwajin 1857 ta kunyata Enfield a nesa. A gasar Creedmoor ta 1874 kusa da New York, 'yan Ayalan sun zo da bindigogin ɗuri na Rigby suka kara da Amurkawa masu bindigogin zamani a yadi 800 da 900 da 1,000, aka tashi 934 da 931, Amurka ta tsira da maki uku. Babu ƙwallon da zai je wannan nisan da wata manufa. Wanda zuciyarsa ke kan irin wannan harbin, siririn dogon harsashi da murɗi mai sauri ne hanyarsa, ba wata. A gasa kuwa doka ce ke zaɓa maka. Ƙungiyar duniya ta masu gasar bindigar ɗuri, MLAIC, wadda aka kafa a 1971, tana da fagen da ta kira Minié don bindigogin soja, da Whitworth, da kuma Maximilian na bindiga mai ƙanƙara da ƙwallo, dukansu a mita 100. Dokar farauta ma haka take bambanta daga wuri zuwa wuri. Kalifoniya ta hana farauta da harsashin darma gaba ɗaya tun 1 ga Yulin 2019. Kolorado ta hana harsashi mai rigar roba a lokacin farautar bindigar ɗuri. Wannan mai rigar roban, wanda ya yaɗu bayan Tony Knight ya fito da bindigarsa MK-85 a 1985, ƙaramin harsashi ne a cikin kofin roba, yana son murɗi mai sauri, kuma zancensa daban ne.

In ni za a tambaya, mai bututu 1:60 ko mai sanyin da ya fi haka ya riƙe ƙwallo, ya daina wahalar da kansa. In doka ko girman dabba ya tilasta masa ƙarin nauyi, akwai gajerun harsasai da aka yi don irin bututunsa, kamar PA Conical na Hornady mai giren 240, ko R.E.A.L. mai 250. Mai 1:32 ko 1:28 ya sayi dogon harsashi, ƙwallo a wurinsa sai na wasa da ɗan albarushi. Mai 1:48 da ke harbin takarda da barewa cikin yadi 100, ƙwallo ne zai fi ba shi daɗi, ya ajiye dogon don ranar babbar dabba ko aladen daji. Wanda kuma bai sayi bindiga ba tukuna, yana son guda ɗaya da za ta yi masa kusan komai a kurkusa, .54 mai sanyin murɗi da ƙwallo zan nuna masa kafin .50 mai dogon harsashi.

Duk da haka bututu biyu daga kamfani ɗaya sukan saɓa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafa takarda a yadi 50, ka ɗora bindiga a kan buhun yashi, ka yi harbi biyar-biyar. Fara da albarushi kaɗan, kamar giren 50 ko 60 a bindigar .50, kana ƙara biyar-biyar ba tare da ka haura iyakar kamfani ba. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ko albarushi, ko kaurin ƙyalle, ko irin harsashi. Da dogon harsashi, dubi siffar ramin a takarda: in zagaye ne sumul, ya daidaita, in ya yi tsawo ko ya fito da siffar harsashin a kwance, murɗinka bai ishe shi ba, kuma gyaran saiti ba zai magance wannan ba. In ka sami ɗurin da ya haɗa harbi wuri ɗaya, matsa zuwa yadi 100 ka maimaita. Sannan ka wanke bututu, ka bar shi ya huce, ka busar da man ciki, ka yi harbi guda ɗaya tak. A bindigogi da yawa wannan harbin na farko yana sauka inci biyu ko uku daga inda sauran suke taruwa, kuma a kansa mafarauci zai daidaita saitinsa.